Gwajin barasa ga ma'aikatan jinya a Amurka: yadda sanitaiza da abincin yau da kullum ke shiga lissafi

A Amurka, ma'aikaciyar jinya da aka samu da matsalar shaye-shaye takan sa hannu a kan wata yarjejeniya kafin a bar ta ta ci gaba da riƙe lasisinta. A cikin takardar akwai abin da kowa zai yi tsammani, wato ba giya, ba ƙwaya. Sai dai akwai wani jerin kuma da ke ɗaure wa mutane kai. An hana ta kuskure baki da ruwan Listerine. An ce kada ta sha maganin tari na ruwa sai ta karanta abin da ke jikin kwalbar. An ja mata kunne a kan ruwan banila da ake ɗiga wa kek, da giyar da aka rubuta wa "babu barasa", har da sanitaiza, man tsabtace hannun nan da ke rataye a ƙofar kowane ɗakin majinyata.

Wannan jerin ne ya sa zance ya rabu biyu. Wasu na cewa ayaba ma tana iya raba mutum da aikinsa. Wasu na cewa duk wannan kame-kame ne irin na wanda ya koma ruwa yana neman mafita. Akwai ƙamshin gaskiya a kowane ɓangare, amma ba a gane iyakar kowanne sai an san abin da gwajin yake aunawa, da kuma yawan barasar da ke cikin kayan da ake magana a kai.

Mene ne shirin sa ido?

Kowace jiha a Amurka tana da hukumarta mai ba da lasisin aikin jinya. A da, idan aka kama ma'aikaciya tana shan barasa har ya taɓa aikinta, ko tana ɗibar magungunan kashe raɗaɗi daga ma'ajiyar asibiti, hanya ɗaya ce: ladabtarwa, dakatarwa, ko ƙwace lasisi baki ɗaya. Abin da hakan ya jawo shi ne ɓoyo. Mai matsalar ba ta faɗa, abokan aikinta ma suna rufa mata asiri saboda ba sa son su zama sanadin yanke mata abinci.

A shekarun 1980 aka fara sauya salo. Jihar Florida ta yi dokar da ta kafa shirinta mai suna IPN a 1983, Kalifoniya ta biyo baya a tsakiyar shekarun, Texas ta kafa TPAPN a 1987. Yau galibin jihohi suna da irin wannan shiri. Tsarinsa shi ne a ba mai matsalar dama ta nemi magani, ta koma bakin aiki a hankali, amma da sharaɗin a sa mata ido na tsawon lokaci, yawanci shekara 3 zuwa 5.

Sa idon ba wasa ba ne. Kullum da safe sai ta shiga manhaja ko ta buga waya ta ji ko an zaɓe ta yau. Idan sunanta ya fito, a ranar za ta je ta ba da fitsari ko jini, kuma a mafi yawan shirye-shiryen daga aljihunta kuɗin gwajin ke fita. Idan ta ƙi zuwa ko ta manta, ana iya lissafa mata shi daidai da wadda aka kama. Akwai kuma wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba: shirye-shiryen suna hana barasa kwata-kwata, ko da abin da ya kai mutum cikin shirin ƙwaya ce. Saboda haka wadda ba ta taɓa kai kofin giya bakinta ba tun da aka haife ta, amma ta faɗa tarkon maganin kashe raɗaɗi, ita ma za a riƙa yi mata gwajin barasa har ta gama wa'adinta.

Abin da gwajin yake nema a fitsari

Sinadarin da ke sa maye a cikin giya sunansa etanol. Ba ya daɗewa a jiki. Hanta tana narkar da fiye da kashi 90 cikin 100 nasa, cikin 'yan awoyi sai ya ɓace daga jini da numfashi da fitsari. Shi ya sa tsohon gwaji mai neman etanol kai tsaye yake da babbar kafa: mutum zai sha ranar Juma'a da dare, ya je gwaji ranar Litinin a same shi fes.

Amma akwai wani ɗan mitsitsin kaso na etanol ɗin, bai ma kai ɗaya cikin 1,000 ba, da jiki ke haɗawa da wasu sinadarai ya fitar ta fitsari. Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan haɗin, EtG da EtS. Su sun fi etanol daɗewa. Gwargwadon yawan abin da aka sha, ana iya ganinsu daga kwana 1 zuwa kwana 3, shi ya sa kamfanonin gwaji suka riƙa tallata EtG da sunan gwajin awa 80, kodayake sai an yi tatil da yawa kafin ya kai wannan tsawon.

Ana auna su da nanogiram a kowace mililita ta fitsari. Nanogiram ɗaya shi ne kaso ɗaya idan aka raba giram gida biliyan ɗaya. Kowane shiri yana zaɓar iyaka, wato lambar da idan sakamako ya haura ta za a ce an kama mutum. Wasu suna sa 100, wasu 250, wasu 500. Wanda ya sha da yawa jiya da dare, nasa sakamakon yakan kai dubun-dubata, wani lokaci ya haura 100,000. Irin wannan babu gardama a kansa. Duk rigimar tana ƙasa ne, tsakanin 100 da 1,000.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Idan aka tabbatar da EtG a fitsarin mutum, yawanci na'urar ba ta yi ƙarya ba, etanol ya shiga jikin da gaske. Abin da gwajin ba ya iya faɗa shi ne ta ina ya shiga. Kamar sawu ne a tsakar gida bayan an yi shara: yana nuna an shigo, amma bai nuna ko ta ƙofa aka shigo ko ta katanga aka hauro ba. Hanta ba ta bambanta etanol ɗin da ya fito daga kwalbar giya da wanda aka shaƙa ta hanci ko aka haɗiya cikin cokalin magani.

Yadda aka iso nan

A Turai aka fara binciken EtG sosai. A farkon shekarun 2000 ya shigo Amurka, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tsaya masa shi ne Dokta Gregory Skipper, wanda a lokacin yake jagorantar shirin kula da lafiyar likitoci na jihar Alabama. Hukumomin lasisi da kotuna suka rungumi gwajin hannu bibbiyu, domin ya toshe kafar ƙarshen mako da ta daɗe tana damunsu. Da yawa suka sa iyaka ƙasa sosai.

Ba a jima ba koke ya fara fitowa daga ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da ke rantsuwa ba su sha ba. Da farko ba a saurare su ba, kuma dalilin a fili yake: musu yana daga cikin alamomin cutar shaye-shaye, don haka duk wanda ya ce "ban sha ba" sai a ɗauka cutar ce ke magana. Skipper da kansa ya dawo yana gargaɗin cewa ƙananan lambobi na iya fitowa daga kayan amfanin yau da kullum. A watan Agustan 2006 jaridar Wall Street Journal ta buga rahoto a kan matsalar. A watan Satumba na shekarar, hukumar SAMHSA, mai kula da harkar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa a gwamnatin tarayya, ta fitar da sanarwa mai zafi, inda ta ce bai dace ba, kuma kimiyya ba ta goyi bayan a hukunta mutum ko a ladabtar da shi bisa sakamakon EtG kaɗai ba.

Maganar ta kai kotu. A 2011 Kotun Ƙoli ta jihar Kansas ta duba ƙarar wata ma'aikaciyar jinya da ta rasa lasisinta bayan gwajin EtG, alhali ta dage ba ta sha ba. Kotun ta ce kamfanonin da ke gudanar da gwajin suna da alhakin yin taka-tsantsan game da wanda ake gwadawa, don haka ƙarar tana iya ci gaba. Kotun ba ta yanke cewa matar ba ta sha ba, abin da ta tabbatar shi ne akwai wanda za a iya tuhuma idan an yi sakaci.

A 2012 SAMHSA ta sabunta sanarwarta, ta kasa sakamakon gida uku. Abin da ya haura 1,000 yana nuna an sha da yawa a ranar ko kwana ɗaya zuwa biyu da suka wuce, ko an ɗan taɓa a ranar. Tsakanin 500 da 1,000 yana iya zama tsohon sha mai yawa, ko ɗan sha na kwanan nan, ko cuɗanya mai ƙarfi da kayan da ke ɗauke da barasa. Tsakanin 100 da 500 kuwa, duka ukun suna iya yiwuwa, har da cuɗanyar da ba ta kai ta kawo ba. Ma'ana, gidaje biyu na ƙasa ba su da fassara ɗaya, sai an haɗa da wata shaida.

Sanitaiza: abin da aiki ya wajabta

Idan ana neman inda gizo ke saƙar, a nan ne. Ma'aikaciyar jinya za ta iya barin kombuca, wani shayi da ake tsimawa, da giyar da ba ta sa maye ba tare da ta yi asarar komai ba. Tsabtace hannu kuwa shi ne gishirin aikinta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fifita sanitaiza mai barasa a kan sabulu da ruwa a mafi yawan lokutan aikin asibiti, matuƙar hannu bai yi datti da ido ke gani ba, domin ya fi saurin kashe ƙwayoyin cuta, kuma bai cika busar da fata kamar yawan wanki ba. Barasar da ke cikinsa tana farawa daga kashi 60 cikin 100 zuwa sama. Hukumar ta kuma ce ma'aikacin lafiya yana iya buƙatar tsabtace hannunsa har sau 100 a zaman aiki na awa 12.

A yi tunanin ɗakin masu jinya ta musamman. Kafin ta taɓa majinyaci ta matsa man a tafin hannu, ta murza har ya bushe. Ta gama duba bututun ruwa, ta sake. Ta taɓa gado, ta sake. Hannuwan suna daidai ƙirjinta, ƙasa da hancinta kaɗan, tururin yana tashi tana shaƙa, ƙofa a rufe, ga abokan aiki biyu ko uku suna yin irin abin da take yi.

Masu bincike a Jami'ar Florida, ƙarƙashin Dokta Gary Reisfield, sun gwada wannan, suka wallafa sakamakon a 2011. Mutum 11 suka sa suna shafa sanitaizan Purell mai etanol kashi 62 cikin 100 duk bayan minti 5, na tsawon awa 10, kwana 3 a jere. Wato sau 120 a yini, wanda ya ɗan ɗara ƙiyasin CDC amma bai yi masa nisa ba. EtG ya fito a fitsarin kusan dukkansu, mafi yawa ya kai 2,001. Wannan ya ninka iyakar 500 sau huɗu, ya kuma haura 1,000, lambar da ake ɗauka a matsayin shaidar sha. Amma akwai wani abu a binciken da ya kamata a riƙe: EtS bai kai 100 ba a cikin kowa. Wannan ya ba masu fassara sakamako wata madafa, domin wanda ya sha giya da gaske yawanci duka biyun suna tashi tare.

Wani binciken da aka yi a Jamus aka wallafa a 2014 ya nuna cewa ta numfashi ne barasar ta fi shiga, abin da ke ratsa fata bai taka kara ya karya ba. Wannan yana da amfani a aikace. Nisanta hannu daga fuska yayin murzawa da tsayawa inda iska ke shiga suna rage abin da ake shaƙa. Yana kuma nufin wadda ba ta taɓa man ba, amma tana tsaye kusa da mai shafawa a ƙaramin ɗaki, ita ma tana samun rabonta.

Akwai sanitaiza da aka yi da wani nau'in barasa daban, isofurofanol, wanda ba ya zama EtG a jiki. Sai dai shi ma yana da nasa tarkon: abin da jiki ke fitarwa daga irin wannan barasar yana iya yaudarar gwajin farko mai sauri, ya nuna kamar EtG ne. Gwajin tabbatarwa da na'urar tantance sinadarai mai suna LC-MS/MS ne ke raba gardama. Akwai kuma wanda babu barasa a cikinsa ko kaɗan, amma asibitoci da yawa ba su amince da shi a madadin mai barasa ba. Tun daga annobar korona a 2020 kuma, sanitaiza ya bar asibiti ya bazu a shaguna da makarantu da motoci.

Abinci da magunguna: lissafin giram

A ɓangaren abinci, tsoron da ake yaɗawa ya fi haɗarin girma. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a yi lissafi. A Amurka, abin da ake kira sha ɗaya, kamar gwangwanin giya mai mililita 355, yana ɗauke da etanol giram 14.

Ruwan banila na asali, bisa ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, dole ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100, kusan ƙarfin wiski. Amma cokalin shayi ɗaya giram 1.4 ne kawai, kuma idan a kwaɓin kek ya shiga, aka gasa, aka yanka gida goma, abin da zai isa cikin mutum ɗaya ba shi da yawa. Wadda ke ɗiga shi ɗanye a kofin gahawa kullum da safe, tata maganar daban ce. Maganin mura na ruwa NyQuil yana da kashi 10 cikin 100, don haka awo ɗaya na mililita 30 ya kai kusan giram 2.4, kuma haɗiye shi ake yi da dare, gwaji yana iya faɗowa washegari. Giyar da ake cewa ba ta da barasa, doka ta yarda ta ƙunshi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, wato har kusan giram 1.4 a gwangwani. Kombuca, shayin nan da ake tsimawa, ya fi su rashin tabbas, domin yana ci gaba da tsima a cikin kwalba. A 2010 sai da kantunan Whole Foods suka kwashe shi daga kanta bayan an gano wasu sun wuce iyakar doka.

Ruwan kuskure baki ya fi kowa baƙin jini, amma bincike ya ɗan sassauta masa. Listerine na asali yana da barasa kusan kashi 27 cikin 100. Masu binciken Florida sun sa mutum 10 suna kuskure baki da shi sau 4 a yini na fiye da kwana 3, kuma EtG mafi yawa da suka gani 173 ne. Wannan zai kama mutum a shirin da iyakarsa 100 ce, ba zai kama shi a mai 250 ko 500 ba.

Ayaba fa? Zancen yana da tushe. Masu bincike a Jamus sun wallafa wani gwaji a 2010 inda mutane suka ci ayaba da ta nuna luguf, da kabejin da Jamusawa ke tsimawa, suka kuma sha giya marar barasa. EtG ya haura 100 na ɗan lokaci: awa 3 da rabi bayan ayaba, awa 5 bayan kabeji, awa 13 bayan giyar. Amma a duba yawan abin da aka ci. Ayabar ta kusa giram 700 a zama ɗaya, giyar lita 2 zuwa 3. Mai cin ayaba ɗaya da karin kumallo ba ta cikin wannan lissafin.

Inda mutane suka fi yaudarar kansu shi ne girki. Ana yawan cewa wuta tana ƙone barasa. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna akasin haka: abincin da aka zuba wa giya aka cinna masa wuta yana riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na barasar, wanda ya yi minti 15 yana dahuwa yana riƙe kashi 40, bayan awa 1 saura kashi 25, sai an kai awa 2 da rabi kafin ya sauko kashi 5. Miyar gidan abinci da aka yi da jan ruwan inabi, ko kayan zaƙin da aka jiƙa da barasa ba a dafa ba, sun fi ayaba haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da ke faruwa bayan an ba da fitsarin

Wani ɓangaren matsalar ba ya jikin mutum, yana cikin robar fitsarin. Mai ciwon suga da ba a shawo kansa ba tana fitar da suga a fitsari. Idan akwai yis a ciki, kamar wanda ke zuwa da ciwon sanyi na mata, kuma robar ta daɗe a hanya cikin zafi, sugan yana tsima ya zama etanol. Idan kuma akwai ƙwayar cutar E. coli, wadda ita ce kan gaba wajen jawo ciwon mafitsara, tana iya juya wannan etanol ɗin ya zama EtG a cikin robar. Ƙwayar tana iya yin akasin haka ma, ta cinye EtG ɗin wanda ya sha da gaske ya fito fes. EtS bai cika faɗawa wannan tarkon ba, wanda dalili ne na biyu na auna su tare.

Kaurin fitsari ma yana da tasiri. Wadda ta yi awa 12 a tsaye ba ta samu ta sha ruwa ba, fitsarinta yana yin kauri, lambar tana kumbura. Wadda tsoro ya sa ta ɗirki ruwa kafin gwaji kuma, idan sinadarin kiriyatinin ɗinta, wanda da shi ake gane kaurin fitsari, ya faɗi ƙasa da miligiram 20 a kowace desilita, za a rubuta cewa fitsarin ya tsinke, kuma shirye-shirye da dama suna kallon haka a matsayin yunƙurin ɓoye wani abu.

Gwajin jini da na numfashi

Saboda waɗannan matsalolin ne gwajin jini mai suna PEth ya samu karɓuwa. Wani sinadari ne da ke taruwa a jikin jajayen ƙwayoyin jini idan akwai etanol, kuma yana iya zama mako 2 zuwa 4. Iyakar da aka fi amfani da ita a Amurka 20 ce. Yana buƙatar barasa mai yawa kafin ya kai nan, don haka tururin sanitaiza da kuskure baki ba su cika ɗaga shi ba. Amma a lura da iyakarsa: PEth da ya fito fes yana kore yawan sha ne, ba ya rantse wa mutum cewa bai kurɓi kofi ɗaya ba.

Na'urar hura numfashi kuwa matsalarta gajera ce. Barasar da ta maƙale a baki daga ruwan kuskure ko feshin baki tana ɗaga lamba nan take, amma tana gushewa cikin kusan minti 15. Shi ya sa ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Amurka ta ce a jira minti 15 kafin a maimaita gwajin tabbatarwa.

Hujjar kowane ɓangare

Masu gudanar da shirye-shiryen suna cewa amanar majinyaci ce a gaba. Ma'aikaciyar da ta koma ruwa tana iya ba da allurar da ba daidai ba, kuma wanda ke kwance ba shi da yadda zai kare kansa. Suna cewa idan aka ɗaga iyaka sama, wadda ta ɗan sha shekaranjiya za ta sulale, alhali ƙaramin sha ne ke buɗe ƙofar babba. Suna kuma nuni da cewa uzurin sanitaiza ya zama sananne, mai gaskiya da marar gaskiya duk shi suke kawowa. Saboda haka suka zaɓi hanya mai sauƙin aiwatarwa: a rubuta a yarjejeniya cewa kauce wa duk wani abu mai barasa nauyi ne a wuyan mai sa hannu. Suna da hujja daga ɓangaren likitoci, inda wani bincike da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2008 ya bi likitoci 904 da ke cikin irin wannan shiri, ya tarar kusan kashi 79 cikin 100 suna da lasisi kuma suna aiki bayan shekara 5. Masu kula da masu fama da shaye-shaye suna ƙara wani dalilin da ba ruwansa da gwaji: ɗanɗano da warin giya marar barasa suna iya tada tsohon tsumi.

Ma'aikatan jinya da lauyoyinsu suna cewa an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Kombuca zaɓi ne, sanitaiza umarnin asibiti ne. Sakamako ɗaya yana iya sa a ce ta ajiye aiki nan take, ta biya kuɗin sabon binciken likita, a ƙara mata wa'adi, ko a miƙa ta ga hukumar ladabtarwa, duk kafin a saurari bayaninta. Kuma an ɗora mata nauyin tabbatar da abin da ba ta yi ba, wanda ba ƙaramin aiki ba ne.

Masana ilimin guba sun tsaya a tsakiya, kuma shaidar da ke ƙasa ta fi karkata gare su. A wurinsu ƙaramar iyaka tana da amfani a matsayin ƙararrawa, ba ta isa ta zama hukunci ba. Idan ta buga, a tabbatar da na'urar da ta fi inganci, a duba EtS, a duba kaurin fitsarin, a ɗebi jini don PEth ba tare da ɓata lokaci ba, sannan likitan da ya ƙware a fassarar sakamako ya zauna da mai abin ya ji tarihin aikinta da lafiyarta. Wannan ya fi tsada kuma ya fi cin lokaci. Shirye-shirye sun bambanta wajen yadda suke bin waɗannan matakan, har fitsari mai lamba 300 yana iya wucewa salin-alin a wata jiha, ya zama abin tuhuma a maƙwabciyarta.

Abin da hakan ke nufi ga mutane

Ga wadda ke cikin shirin, rayuwa takan koma karatun jikin kwalba. Abin da ya fi taimakawa shi ne ta san iyakar da shirinta ke amfani da ita tun ranar farko, ta tambaya a rubuce wane irin sanitaiza aka yarda da shi a wurin aikinta, ta sanar da ciwon suga ko na mafitsara kafin gwaji, ta kuma nemi a ajiye rabin fitsarin don sake aunawa idan shirin yana ba da wannan dama. Bayani kafin sakamako ya fi bayani bayansa nauyi.

Batun ya shafi 'yan Najeriya ta wata fuska. A farkon 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasar ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun fita waje cikin shekara 3, kuma Amurka tana cikin inda suke nufa. Jerin da shirye-shiryen ke bayarwa an rubuta shi ne da kicin ɗin Amurkawa a zuciya. Ba za a ga zoɓo ko kunun aya ko kunun zaƙi a ciki ba, alhali duk abin sha mai suga da ya kwana ya fara tsami yana iya tara 'yar barasa, haka ma jiƙe-jiƙen gargajiya da ake tsimawa kwanaki. Turaren feshi shi ma galibinsa etanol ne, saɓanin turaren mai.

Majinyata kuma abin yana taɓa su ta hanyoyi biyu. Idan ma'aikata suka ɗauka shirin sa ido yana kama mai gaskiya, masu matsala za su koma ɓoyon da aka kafa shirin don kawarwa. Sannan ma'aikaciyar da ke tsoron kwalbar da ke bakin ƙofa tana iya rage tsabtace hannu, ko ta dogara da sabulu har fatarta ta tsattsage, a ƙasar da binciken CDC na 2015 ya nuna cewa a kowace rana kusan majinyaci 1 cikin 31 da ke kwance a asibiti yana ɗauke da cutar da ya kamu da ita a can.